Ranar da Madam ta biyo ni Barmu

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da shugabar makarantarmu ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidanmu na Barmu.

Lokacin ina dafa wa yara abinci a wata makarantar kuɗi a Tawa. Maigidana ya tafi biɗa Abijan, wato ci-rani, aikin nan shi ke riƙe da ni. Da aka ɗauke ni an ba ni kontra, takardar yarjejeniyar aiki, na dangwala yatsa, na cusa ta ƙasan akwati ban nemi a karanta mini ba. Sai ga cikin fari. Ku kun san mu da kunyarsa, ko sunansa ba ma kamawa. Na sayi zurmemen hijabi, ina ganin na yi wa duniya wayo.

Da cikin ya tsufa, inna ta aiko a ɗauke ni in haihu gida. Ta yaya zan buɗe baki in faɗa wa Madam, shugabar tamu? Ran Juma'a na wanke tukwane tas, na bar wa maigadi mabuɗi, na sulale. A mota na sha kuka, don na san na yi ban kwana da aikin.

Kwana tara sai ga ta. Kirista ce, mutuniyar Gaya, mai faɗa kamar me. Ta gaisa da inna, ta sha ruwa, sannan ta juyo kaina.

“Ɗiyata, ni kika maida makauniya? Biyar na haifa. Tun randa kika fara gudun warin albasa na gane.”

Na sunkuyar da kai. Ta ce mai makarantar yana shirin rubuta cewa na gudu na bar aiki, kuma da gaskiyarsa, tunda ban sanar da kowa ba. Amma doka ta ba mai ciki hutun sati goma sha huɗu, ba a korar ta a kansa, yana nan cikin kontrar da na dangwala. Sai dai dole ni in sanar, in kawo takardar likita.

“Ba ni iya hwaɗi a madadinki,” in ji ta. “Mi ke damunki?”

Na saci kallon inna, ga ta zaune. Allah ya jiƙan inna, sai ta miƙe ta ce, “Bari in duba bisashen can, na ji kamar sun kwance.” Alhali akuya ɗaya gare mu, tana ɗaure gabanmu tana tuƙa.

Da ta fita na ce, can ƙasa-ƙasa, “Ciki gare ni.”

“Madalla! Ai kin ga sama ba ta hwaɗo ba.”

Ranar ta raka ni gidan likita, ta koma Tawa da takardar a jakarta. Bayan hutuna na dawo na tarar da aikina yana jira na. 'Yar da na haifa yanzu a makarantar take karatu, shinkafar da na dafa take ci.

Madam ta yi ritaya ta koma garinsu, amma har gobe ina yi mata fatan alheri. Ta koya mini cewa mai aiki yana da haƙƙi, yana kuma da nauyin da ba mai sauke masa. Kunya ado ce, na yarda, amma ni saura ƙiris ta raba ni da abincina.