Mai Tocila da Karen da Ke Tashi Sama

Mai Tocila ake ce masa a gidan sinima, domin shi ke haska wa mutane kujerunsu idan an kashe fitilu. A bakin ƙofar nan ya tsufa, amma ko fim ɗaya bai taɓa zama ya kalla ba, wai hasken allon yana sa shi ciwon kai. Duk da haka shi iyaye ke tarewa da tambaya: "Baba, wannan ya dace da yara?" Shi kuwa ya yanke hukunci ko gezau, mutumin da bai san komai a fim ba sai ƙeyar masu kallo.

Ma'auninsa ɗaya ne tak. Idan ana tsakiyar kallo uwa ta fito da yaro yana tsala ihu, fim bai dace ba. Idan ba a fito da kowa ba, sai gugguru da zai share a ƙarƙashin kujeru, to fim lafiya lau.

Ana nan aka kawo fim ɗin wani kare mai ceton mutane. Ba zane ba ne, kare ne na gaske mai jela da harshe, an ɗaura masa mayafi a wuya, yana tashi sama, yana magana kamar mutum. Yara suka yi ta cika ɗakin, ba wanda aka fitar yana kuka.

'Yarsa ta kira shi a waya. "Baba, Aku ta hana ni sakat da fim ɗin karen nan. Ba matsala a ciki?"

Aku jikarsa ce tilo, ba ta kai shekara biyar ba, surutu ya ja mata sunan. Duk ranar hutunsa a wurinsa take wuni, kuma ranar nan ita ce daɗin duniyarsa.

"Ko yaro ɗaya bai yi kuka ba," ya ce. "Kawo ta, ni na tsaya miki."

Aku ba ta yi kuka ba. Abin da ta yi ya fi kuka ban haushi. Yarinyar da a da ko haushin kare ta ji daga nesa sai ta ɓuya a bayansa, yanzu duk karen da ta gani a titi sai ta tsaya ta gaishe shi. In bai amsa ba ta ce, "Kunya yake ji, Kaka."

Ranar hutunsa yana fama da famfon da ke ɗiga, sai ya ji gidan ya yi tsit. Shirun Aku kuwa ba alheri ba ne. A ƙofar maƙwabcinsu bakanike ya same ta, inda ake ɗaure wani ƙaton karen gadi. Ta zura hannu ta tsakanin ƙarafan ƙofar da ɗankwalin uwarta, za ta ɗaura masa. Karen ya kwantar da kunnuwa yana gurnani ƙasa-ƙasa. Tsohon ya manta da ciwon gwiwa, ya fizgo ta ta bayan riga. Karen ya cafke ɗankwalin ya yi kaca-kaca da shi.

Ko razana ba ta yi ba. Harararsa ta yi. "Ya fara magana, ka katse shi."

Da yamma uwar ta zo ɗaukarta, ta ji labari.

"Baba, kai fa ka ce ka tsaya min. Ka ma kalli fim ɗin kuwa?"

Ya hau gyaran murya.

"Baba, ka kalla?" Ta girgiza kai. "In ba ka cire mata wannan daga ka ba, ka yi haƙuri, ba zan ƙara barinta a nan ba."

Takaici ya ishe shi, ya rasa wa zai zaga: masu fim, kare, ko kansa. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka. Ya zaunar da Aku ya yi ta bayani, kare ba ya magana, dabara ce ta 'yan fim.

"Ni na gani da idona," ta ce. "Kai a waje kake tsayawa."

Gani ya kori ji. Sai ya roƙi bakaniken ya riƙe sarƙar da kyau. Ya ɗora Aku a kafaɗa, uwar na biye da su, ya je ya buga ƙofar da ƙafa. Karen ya yi tsalle ya daki ƙarafan, haƙora waje, haushinsa ya cika layin. Aku ta ƙanƙame wuyansa tana kuka har da shessheƙa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don da hannunsa ya yi mata wannan.

A hanyar komawa ta ce ya sauke ta. Ta share hanci da bayan hannu.

"Kaka, da ma ka san ba ya magana?"

"Na sani."

"To me ya sa ka ce a kai ni?"

Ya miƙa mata hannu. Ta wuce ta riƙe na uwarta.