Gonaki Uku a Hanyar Daura

Jiya 'yata ta tambaye ni inda za mu tsaya a hanyar Daura, sai na ji muryar Baffa, yayan mahaifina, shekara biyar bayan rasuwarsa. Cewa yake yi, "Tafiyar da babu tsayawa, aike ce."

Ina sabon ango na ɗauko shi da amaryata daga Kano. Ya ce shi zai zaɓi wuraren tsayawa, don ta ga ƙasarmu. Na zaci madatsar ruwa zai kai mu. Kafin Ɗambatta ya ƙwanƙwasa ƙofar mota da sandarsa: "Tsaya nan." Damina ce, gero ya fitar da kai, ƙasa na ƙamshin ruwan safe. Ya karyo zangarniya ɗaya, ya miƙa mata.

"Amarya, kin ga gonar nan? Ta surukinki ce. Ya sayar, ya ci tsire."

Sau uku muka tsaya, gonaki uku. A ta ƙarshe ya ce, "Shi ya sa mijinki ke zaman haya."

Har muka isa Daura, zangarniyar na hannunta.

Allah ya yafe maka, Baffa, ya yalwata kabarinka. Ni dai na ce wa 'yata ba ma tsayawa.