Fitilar Kan Keken Inna Tela

Shekara talatin da takwas Inna Tela tana taka keken ɗinki a ɗakin nan na bakin ƙofa, kuma duk tsawon shekarun fitila ɗaya ce rataye a kanta: ƙwan lantarki guda da 'yar hular gwangwani, a jikin wayar da aka ƙulle taƙi biyu daga saman keken. Ba ta da kyan gani, amma haskenta daidai kan allura yake sauka. Da keken nan ta reni 'ya'ya biyar, kuma har gobe ba ta roƙon kowa sabulu. 'Ya'yan kuwa, tun da suka samu abin hannu, waƙarsu ɗaya ce, ta ajiye ɗinki ta huta. Ita ta san ranar da ta rufe keken nan ta zama kayan ɗaki, a yi shara a kewaye ta.

Kwana huɗu ta yi tana jinyar ƙanwarta. Ta dawo ta tarar babban ɗanta, wanda kowa ke kira Dogo, ya yi mata abin da ya kira gyara. An cire fitilarta, an rataya wata ƙatuwa kamar kwandon wanki a kife, can tsakiyar silin. Hoton fitilar ya gani a wayar salula ya saya. Da aka zo ratayawa shi ya tsaya a ƙarƙashi, ya ce a yi ta ɗagawa har sai hannunsa a miƙe bai kai ta ba. Wato da tsayinsa aka auna fitilar mace mai aiki a zaune, shi da ba ya shiga ɗakin sai gaisuwa. Gwanintar da ba a sa ka ba ke nan, ta fi mugunta ɓarna.

Keke yana jikin bango, fitila tana bayan Inna, inuwar kanta ke faɗa wa allura. Cikin mako guda ta ɗinke baƙar rigar wata malamar makaranta da shuɗin zare. Ta warware ta sake, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Malamar ta naɗe yadinta ta tafi, Inna ta wuni zuciyarta tana tafasa.

Da Dogo ya zo ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

"Ina fitilata?"

"An zubar, Inna. Ai wannan ta zamani ce."

"Zamanin ne zai zura mini zare? Ka tambaye ni?"

"Da ma ai mun ce ki huta."

"Ashe kora ce, ba kyauta ba. To ban koru ba."

Washegari da safe ita da kanta ta kira mai gyaran wuta. Ta sa ya sauke kwandon, ya kafa ƙugiya daidai kan keken, ya ɗaura ƙaramar hula da farin ƙwai. Ta zauna a kujerarta ta ce ita zai auna, ba silin ba. Ya saki waya har ya rage taƙi biyu daga saman keken, ya kunna. Haske ya zubo kan keken tarwai. Dogo ya iso ya tsaya a bakin ƙofa, ta yi kamar ba ta gan shi ba.

Ta lashi bakin zare ta nufi kafar allura. Ya wuce ta gefe. Ta sake, ya sake wucewa.

"Ƙara sauke ta."

Ya sauke. Ta gwada sau uku, zaren bai shiga ba.

"Ƙara."

"Mama," in ji mai gyaran wuta, murya ƙasa ƙasa, "ta kusa taɓa keken. Kuma ƙwan nan ya ninka irin na da wajen haske."

Kwana bakwai tana zagin fitila, tana zagin ɗanta, ashe har da idanunta a cikin masu laifin, kuma su ba wayar da za a saki a gyara su. Haushin ya taru, ta rasa wanda za ta sauke wa.

Ta ce wa mai gyaran wuta ya mayar taƙi biyu ya ƙulle. Sannan ta miƙa zaren wajen ƙofa ba ta juya ba.

"Kai, zo ka durƙusa ka zura mini. In kuma na ji maganar nan a bakin ƙannenka, ban yafe ba."