Takardar Hayar Malam Haladu Maijirgi

Duk wanda ya san Malam Haladu Maijirgi a Gumel ya san allin nan da ba ya rabo da aljihunsa. Kwanon furarsa da layi a jiki, tulunsa da layi, har rumbunsa da layi. In matarsa Goggo Ai ta zuba fura ta haura layin da ko ɗan yatsa ne, sai ya rage ya mayar mata. "Kowane jirgi da iyakar abin da zai ɗauka," in ji shi. "Ya wuce layi, ya nutse."

Shekara goma sha biyu ya yi a Ikko yana masinja a ofishin dillalan jiragen ruwa, masu haɗa mai kaya da mai jirgi. Ya dawo mana da akwati ɗaya da ilimin da babu wanda ya tambaye shi. Mu kuwa ruwan da muka sani bai wuce rijiya da kududdufi ba, to ina za mu gane?

Kun tuna ranar da zai je Gagarawa a motar gyaɗa? Ya durƙusa ya ja layi a jikin bodi, saitin taya. Ana lodi yana kallo, har layin ya sauka ya ɓuya. Ya sauko da buzunsa ya ce shi ba ya shiga jirgin da ya nutse tun a tasha. A ƙafa ya tafi. Da la'asar ya isa, ƙafa duk ta kumbura, ya tarar da direban ya ci ya sha har ya yi barci ya tashi.

"Malam, ga mu dai ba mu nutse ba."

"Don babu ruwa ne," in ji Malam Haladu. "Ka gode wa Allah."

To ni, Manu, da nake kiwo a gefen Ɗanzomo, na fi kowa yi masa dariya. Sai ga shekarar fari. Shanuna suka dinga kwanciya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama igiya kawai ta rage min. Malam Haladu ya aiko min da gero, na mayar masa, don ni a lokacin girman kai ya yi min yawa, gara in mutu da in karɓi sadaka. Na ɗaure ƙunshina zan hau jirgin ƙasa in tafi kudu aikin gadi, in bar matata Hansatu da 'ya'ya huɗu babu ranar dawowa. Wallahi ba na son tafiyar nan, amma ban ga wata hanya ba.

Na biya in yi masa sallama. Na same shi yana auna wa bijimansa biyu dusa da kwano mai layi. Maƙon nan nasa da muke zunɗe, shi ya sa nasa suka rayu namu suka mutu.

"Zauna, Ɗan Fulani. Hayar jirgi iri nawa ce?"

"Malam, sallama na zo yi."

"Uku ce. Ta farko hayar tafiya ɗaya: ka ba mai jirgi kayanka ya kai maka daga wannan tasha zuwa waccan, matuƙa nasa, mai nasa. Ka ɓata masa lokaci wajen lodi, ka biya kuɗin jira. Ta biyu hayar lokaci: jirgi da matuƙansa suna hannunka wata kaza, kai za ka ce je nan, je can, kai za ka zuba mai. In jirgi ya lalace, ranar ba ta cikin lissafi."

Wannan ta biyun na san ta, don garin nan kaf ya sha labari. Inna Lami mai ƙuliƙuli ta taɓa ɗaukar jakinsa haya na mako guda, jakin ya ƙi motsi ranar kasuwar Maigatari. Malam Haladu ya ƙara mata kwana ɗaya, ya tsaya gaban jakin ya karanta masa laifinsa, sannan ya hana shi dusar yamma.

"Ta uku fa?" na ce, don a gama in tafi.

"Hayar jirgi tsirara. Babu matuƙi, babu mai, babu komai. Kai ne kyaftin, kai ne mai gyara. Ita zan ba ka."

"Jirgin yana ina?"

Ya nuna amalankensa da bijiman nan biyu.

Na ce ni fa ba na karɓar kyauta. Ya ɓata rai kamar na zage shi. Ya ce wa ya yi maganar kyauta? Haya ce, goro ɗaya duk Juma'a, kuma fari, kada in kuskura in kawo ja. Ya shiga ɗaki ya fito da takarda shafi uku da ya rubuta da boko, ya yi ta karantawa. Ga maganar guguwa, ga maganar 'yan fashin teku, ga abin da za a yi in an yi yaƙi. Kaina ya ɗaure tun a shafin farko. Na dangwala yatsa don kawai ya yi shiru.

Haka na kwance ƙunshina. Na shiga dakon hatsi daga tashar Gagarawa, in kai Gumel, in kai Sule Tankarkar, ranar kasuwa in wuce Maigatari in ɗauko kanwa. Gidana aka ci gaba da ɗora tukunya. Ranar da bijimi ɗaya ya yi ɗingishi na zo neman shawara, ya ce, "Babu ruwana. Tsirara na ba ka." Washegari da safe na tarar da ƙullin magani a kan amalanken, an kuma sabunta layin alli.

Bayan shekara biyu na sayi karsana biyu da bijimi nawa na kaina. Na wanke amalanke, na shafa wa bijimansa mai a ƙaho, na kora su har ƙofar gidansa, ina ta tsara godiyar da zan yi.

Ya leƙo, ya dubi ƙasa, ya dube ni. "Ina ruwa?"

"Sun sha, Malam."

"Je ka a karanta maka takardarka."

Na kai wa wani malamin firamare. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Wai haya ba za ta ƙare ba sai mai haya ya mayar da jirgi a tasha mai aminci, jirgin yana bisa ruwa, gindinsa bai taɓa ƙasa ba. Malamin ya tambaye ni ko da gaske jirgi gare ni. Na ce ni ma yanzu ban sani ba.

Ku da kuke nan a watan Agustan shekarar kun ga abin da na yi, don rabin gari ya fito kallo. Na jira babban kududdufin bayan gari ya cika, na kora bijimai da amalanke ciki har ruwa ya kawo min ƙirji. Malam Haladu ya zo da doguwar gora, ya naɗe wando, ya zura ta, ya zaro ya duba.

"Taya tana ƙasa. Kuma ga kwaɗi. Wannan ba tasha mai aminci ba ce."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To ina zan sami ruwan da kake so a ƙasar Gumel?"

"Wannan matsalar mai haya ce. Juma'a dai kada ka manta da gorona."

Na fito ina ɗiga, jama'a suna ta ƙyaƙyata. Na yi wata guda ba na yi masa magana, goron ma Hansatu ke kai wa Goggo Ai. Na yanke cewa Ikko ta taɓa masa kai, shi ke nan. Haka na ci gaba da riƙon dukiyar mutum, ina jin nauyinta, shekara uku cur.

Da ya rasu, da hantsi aka kai shi. Amalanken ne ya yi jigilar ruwan kwaɓa ƙasar kabari. Bayan sadakar uku na kora bijiman zuwa gidansa don a sa su cikin gado. Liman ya tare ni a zaure, ga Goggo Ai a bayan labule.

"Mayar da su, Manu," in ji Liman. "Ba sa cikin gado. Tun ranar da ka dangwala yatsa ya kira ni da shaidu biyu ya ce ya ba ka su halak malak. Ya ce amma kada a gaya maka yana raye, don in ka ji kyauta ce za ka ajiye su ka hau jirgin ƙasa."

Goggo Ai ta miƙo min wani tsohon gwangwani ta ƙasan labule. Na buɗe, guntayen alli ne. Ta ce, "Ya ce ka dinga sabunta layin, bijiman sun fara tsufa."

A nan na zauna na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Shekara uku ina kiran mutumin nan mai taɓin kai, ashe shi kaɗai ya san iyakar abin da zan iya ɗauka.

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya yafe masa, ya yafe min dariyar da na yi masa. Allah ya sauke shi a tasha mai aminci.