Ɗigon Jan Farce

Ranar Lahadin godiyar kaka ta 1984, ana tsakiyar waƙar zumuntar mata a cocinmu da ke unguwar Television, sai lasifika ta yi wani gurnani ta ɗauke, ƙauri ya cika ɗakin. Kowa ya juyo yana kallon Babana, domin shi ke kula da amfilifayar cocin, na'urar da ke ƙara sauti, tun kafin a haife ni. Shekarata tara a lokacin, kuma har yau ban yafe wa Mista Bulus ba.

Baba mai gyaran rediyo ne a ɗan shagon ƙofar gidanmu. Amfilifayar tsohuwa ce, mai kwalaben gilashi huɗu da ake kira bawul. A bayanta akwai wani ɗan sukuru da Baba ke saitawa da mitar auna wuta, yana juya shi kaɗan-kaɗan, ko numfashin kirki ba ya yi. "Wannan ne linzamin wuta," yakan ce. "Ka sake shi, bawul ya sha wuta har ya mutu." In ya gama sai in ɗauko jan farcen Mama in ɗiga a kan sukurun don kada ya motsa. Na fi son aikin nan a kan shara da ɗiban ruwa nesa ba kusa ba.

Shi kuwa Bulus, wata shida ya yi a wani shagon kayan lantarki a Legas, ya dawo da taye da sukudireba a aljihun gaba, shi ke nan ya zama "Injiniya". Ko filogi bai iya ɗaurawa ba, sai Turanci kamar an kunna famfo. Da safiyar ranar na gan shi durƙushe a bayan amfilifaya, wai zai ƙara mata murya saboda baƙi.

Bayan sujada dattawa suka tsare Baba a gindin mangwaro. Bulus ya gyara taye ya ce, "Old system ne, sir. Aikin bakin titi." Baba ya sunkuyar da kai. Na kutsa tsakaninsu na ce, "Ku je ku duba jan farcen, ya fashe! Mista Bulus ne ya taɓa!" Taku goma ne zuwa wurin, amma babu wanda ya motsa. Wani dattijo ya ce, "Ke, manya na magana." Suka miƙa wa Bulus gyaran. Sati uku amfilifayar tana hannunsa, ya dawo da ita gawa, aka ce ai tsufa ne. Daga ranar ba a sake kawo wa Baba ko makirufo ba, shi kuma bai fasa zuwa coci ba, sai dai ya koma bencin baya.

Yanzu kayan sauti ba su da sukurun da za a saita, in sun lalace jefarwa ake yi, masu taye kuwa sai ƙaruwa suke. Baba ya rasu, mitarsa tana ƙasan akwatina. Duk ranar da na buɗe kwalbar jan farce sai in ji ƙaurin nan a hancina. Taku goma ne fa kawai.