Wayar Masallaci Mai Kai Biyu

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya yanka wa kowane rai wa'adinsa, sannan ya ɓoye mana saninsa saboda jinƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ni limami ne a wani ƙauye na ƙasar Ajingi, ta wajen Gafasa. Ina da jika, ɗan babban ɗana, wanda ya shiga makarantar koyon sana'a a Gaya. Makarantar ta ƙulla yarjejeniya da wasu masu aikin wuta da magina, ta yadda yaro zai yi wasu kwanaki a aji, wasu kuma a hannun maigidan da aka damƙa masa shi. Ubansa ya so ya zauna a gona. Ni na sa baki aka bar shi ya tafi, don haka tun daga ranar nake ganin amanarsa a wuyana take.

Garinmu yana da falwayoyi, amma tun wata damina da iska ta kayar da turaku a hanya, wuta ba ta sake zuwa ba. Aka daɗe a haka har mata suka riƙa shanya a kan wayar da ta sauko, yara suna ɗaure awaki a gindin turke. Kowa ka tambaya sai ya ce layin ya mutu.

Masallacinmu kuwa yana da ƙaramin inji saboda lasifika da fanka. Yadda ake haɗa shi, waya ce guda mai kai biyu: kai ɗaya a jikin injin da ke bayan masallaci, ɗayan a soket ɗin bango daga ciki, kusa da ƙofa. Haka duk mai inji yake yi a wajenmu. Ladaninmu, sa'ana ne, kunnensa ya yi nauyi, kuma da rana ta gota yake tayar da injin don kiran azahar, ba ya jiran kowa ya ce masa.

Wani zuwa da jikan nan ya yi hutu, ya tsaya yana kallon wayar.

"Tsoho, wa ya haɗa muku wannan?"

"Wanda ya haɗa ta ya girmi ubanka," na ce. "Daga shiga makaranta har ka fara yi mana gyara?"

Ya yi dariya, amma bai saki maganar ba. Ya ce wutar injin ba a bango take tsayawa ba. Tana bin tsohuwar wayar da ta shigo daga falwaya, ta fita titi, ta hau layin da muke cewa ya mutu. Ya ce akwai akwatin da ake sawa ya raba wutar inji da layin gari. Na kai maganar gaban jama'a, suka ce a bari sai an gyara layin a yi gaba ɗaya. Cirar gyaɗa ta zo, magana ta kwanta.

Bayan kaka aka zo gyaran, kuma Allah ya ƙaddara maigidan jikana aka ba aikin. Mutum ne natsattse, ya daɗe a sana'ar. Da isowarsu da hantsi ya je bakin gari ya cire fis daga taransifoma, ya dawo ya nuna wa yaransa.

"Ga su a aljihuna. Ko sun kawo wuta yau, ba ta da hanya."

Ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, na ji jikana ya ce a hankali, "Oga, injinan gari fa?"

"Wa zai ƙona mai da rana tsaka? Kowa yana gona ko kasuwa. Hau, rana tana yi."

Gaskiya ya faɗa game da gidaje, kuma ni kaina na gyaɗa kai. Yaron ya sunkuyar da kai, domin an hore shi da cewa ba a mayar wa babba magana. Ya ɗaura bel, ya sa hular kwano da safar hannun da makaranta ta ba su, ya hau falwayar da ke daura da masallaci. Sauran ma'aikatan suna tsokanarsa, wai ga amarya an sa mata lalle. Da zafi ya ƙaru, gumi ya hana shi riƙe filaya, na ga ya zare safar hannun dama ya cusa a aljihu.

Akwai inuwar katangar masallaci da na daɗe ina gane zawali da ita. Ina kallonta tana janyewa zuwa gindin bango, zuciyata ba ta kwanta ba, ban kuwa san dalili ba. Ina jan carbi, ina duban yaron, ina duban inuwar. Garin ya yi tsit, sai ƙarar filaya daga sama. Can sai ga ladan ya fito daga gidansa da buta a hannu, ya yi alwala a inda ya saba, ya kewaya bayan masallaci.

A nan maganar yaron ta dawo mini gaba ɗayanta.

Na kira ladan, bai ji ba. Na ɗaga murya ga na sama, hankalinsa yana kan aikinsa, hannunsa tsirara a kan waya. Gwiwoyina ba na gudu ba ne, kuma bayan masallaci ya fi ƙofar nisa. Na ji an ja igiyar inji, ya yi tari ya mutu. Na nufi ƙofa. Na ji an sake ja. Na faɗa ciki da takalmina, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo, na damƙi robar kan wayar na fizge ta daga bango. Injin yana ruri a bayana, fankar sama ta riga ta soma juyawa, sannan ta tsaya.

Na ajiye kan wayar a kan tabarma, nesa da ƙafata, na fito. Yaron yana rataye a bel ɗinsa, kansa a jingine da turke, ba ya motsi. Maigidansa ya daskare a gindin tsani. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Sai na ga yaron ya ɗago kai, ya dube ni daga sama, ya ce:

"Tsoho, da takalmi ka shiga masallaci."

Aka sauko da shi. Hannun dama ya mutu masa har gwiwa, ga ƙuna a yatsu biyu. Maigidan ya hau da kansa ya datse wayar masallaci daga falwaya, sannan ya sa yaron a mota suka tafi asibiti. Ladan ya zagayo yana tambayar me ya kashe lasifika. Na kai bakina kunnensa na ce lokacin azahar yana da faɗi, ya kashe injin ya kira da muryar da Allah ya ba shi.

Hannun ya dawo, tabon ya zauna. Ubansa ya rantse cewa yaron ya gama aikin wuta, ya zo gabana yana neman in tabbatar. Na dubi yaron, na tambaye shi abin da yake so.

"Zan koma, Malam," ya ce. Rabonsa da kirana da wannan suna ya daɗe. "Amma ba zan sake hawa ba sai na zaga gari da ƙafata na duba kowane inji, ko Oga zai kore ni."

Maigidan ya aiko cewa ya yarda da haka, makarantar ma ta ji labari. Na roƙi ɗana ya yi kaffarar rantsuwarsa, na bar yaron ya tafi.

Yanzu aikinsu ya kai su wajen Toranke. Na yi salla a masallatan yankin, na san abin da ke soke a bangonsu. Na aika wa limamansu saƙo. Wasu sun amsa, wasu har yau shiru. Kullum inuwar katanga ta kai gindin bango, nakan kasa karatu, in zauna ina saurare, domin iska takan ɗauko mini ƙarar injinan ƙauyukan da ke kewaye da mu, ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a inda idonmu ba ya kaiwa. Kai kuma mai karatu, Allah ya sa albarka a gidanka, ya dawo maka da duk wanda ya fita nema cikin aminci. Amin.