Turanci a Gonar Gyaɗa

Ko na manta komai na aikin koyarwa, ba na jin zan manta wata Laraba a zangon farko na shekarata ta biyu, ina malamin Turanci a wata sakandare kusa da Sakajiki, ƙasar Kaura Namoda. Ina matakin albashi na takwas a lokacin, ba a tabbatar da ni ba tukuna. Ga wanda bai san tsarin ba, sabon malami yakan yi shekara biyu a gwaji, a cikin ta biyun sai sufeto ya zo daga ofishin shiyya ya zauna a ajinsa ya rubuta rahoto. In rahoton ya yi kyau a tabbatar da kai, in ya ɓaci a ƙara maka wa'adi, wani lokaci ma a sallame ka.

Darasin da ke ba mu wuya shi ne salon maganar Turawa, irin su "give up" da "lend a hand", waɗanda in ka bi su kalma-kalma ba za ka kai ga ma'ana ba. Yaranmu kuwa gwanayen hadda ne tun daga makarantar allo. Malam Garba, dattijon da ke riƙe da aji biyar A, guda hamsin yake jera musu su yi ta rerawa, kuma su kawo maka su tiryan-tiryan. Amma tambayi yaro ta talatin, sai ka ga leɓensa na motsi, ya koma ta ɗaya yana gangarowa.

Ni aji B aka ba ni, wai ajin masu taurin kai. To, sun gamu da daidai su. Kaka ce, sai na riƙa kwasarsu zuwa gonar makaranta cirar gyaɗa. Wanda ya gaji ya zauna, in ce kada ya kuskura ya "give up". In buhu ya ƙare, ba na kawo wani sai an gaya mani da Turanci abin da muka "run out of". Mai son a kama masa kaya, sai ya roƙa da harshen da ya zo koyo.

Shugaban makaranta ya kira ni ofis.

"Malam Sani, mi kaka yi da ɗiyan mutane cikin gona? Turanci munka ɗauke ka koyarwa, ba noma ba. Sufeto shina zuwa Laraba. In yaran ga sun kasa, kar ka sa rai da goyon bayana."

Na ce, "Ranka shi daɗe, a bari shi zo shi gani."

Da ƙarfin hali kawai na faɗa. Ga mata, ga jariri, kuma aikin nan kaɗai gare ni.

Sufeton wani dattijo ne ɗan Shinkafi, marar yawan magana. Ya sa aka haɗa azuzuwan biyu. Aji A suka rera jerinsu ba gargada, shugaba yana ta gyaɗa kai yana satar kallona. Sai sufeto ya karɓi takardar jerin, ya yayyaga ta layi-layi, ya cire hularsa ya zuba ciki ya girgiza.

"Kowa shi zaro guda, shi yi man magana da ita."

'Yan aji A uku suka zaro a jere. Ma'anar tana bakinsu, amma jimla ta gagara. Sannan hula ta iso gaban Hadiza, wata Bafulatana 'yar ajina da ba a cika jin muryarta ba. Na sunkuyar da kai ina salati. Ta zaro "run out of", ta ce da Turanci bara ruwa ya ƙare wa shanun babanta a hanyar Zurmi, amma bai "give up" ba sai da ya kai su rafi. Biyu a jimla guda! Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Daga nan hannuwa suka tashi, ana wawar hular sufeto. Da aka kaɗa ƙararrawa, sarkin surutun ajina ya miƙe ya ce, "Sir, let us call it a day," wato a tashi haka nan. Dattijon nan ya yi dariya har da tafi. Ya juya wurin shugaba ya ce, "Gonar ga taku, tana ɗaukar aji biyu?"

Takardar tabbatarwata ta iso kafin ƙarshen zango na biyu. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Abin da na koya, ku da kuke farawa yanzu, shi ne yaranmu ba daƙiƙai ba ne, kuma hadda ba laifi ba ce. Magana ce ba ta zama a kai sai yaro ya buƙace ta. Na kuma koyi girman manya a aikin nan. Mako guda da zuwan sufeto, muna gona sai ga Malam Garba, mutumin da ya yi sa'ar mahaifina, ya naɗe hannun riga, ajinsa na biye da shi.

Ya ce, "Malam Sani, matsa muna. Ni ma koyo na taho."